Dokin ne ya karkace, ko na bisansa?

Yau dai ba maganar takardun zama na kawo muku ba, ba kuma rigimar wa zai auri wa ba. Maganar dawaki ce. Na san wani zai ce haba, mu da muke zaune a hawa na tara, lif ɗinmu rabin shekara a lalace, ina mu ina doki? To a ɗan yi mini haƙuri. Da wuya ka shiga falon iyayenmu ba ka ga hoton hawan sallah a bango ba, kuma duk ɗan uwan da ya je gida hutu sai ya dawo da hotonsa bisa doki, an naɗa masa rawani, ya riƙe linzami kamar mai riƙe da sitiyarin mota. Tunda muna son hoton haka, ai ya kamata mu san wani abu game da dabbar da ke ƙasan hoton.

Mu 'yan Aubervilliers ma ba mu da wani uzuri. Wanda duk ya sauka daga metiro layi na 7 a tashar Fort d'Aubervilliers ya san ginin nan na katako. Gidan wasan dawaki ne na Zingaro, na mutumin nan Bartabas, kuma tun 1989 yake wurin, Patrick Bouchain ne ya zana ginin. Sunan ma na wani baƙin doki ne da Bartabas ya yi shekaru yana wasa da shi har ya mutu a 1998. Mutane suna tasowa daga tsakiyar Paris su biya kuɗi su kalla, mu kuwa muna wucewa ta bakin ƙofa muna toshe hanci saboda warin kashin doki. Lokacin da suka yi wasan da suka kira Ex Anima a 2017, lakwal ta kai ajinmu. A wasan nan kusan babu mai hawa, an saki dawakin ne suna abin da suka ga dama a fili. A nan na fara lura da wani abu: ko babu kowa a bayansa, kowane doki yana da gefen da ya fi son juyawa. Wani in ya tashi zagaye kullum ta hagu zai ɗauka, wani ta dama, kamar yadda kowannenmu yake da ƙafar da yake fara taka bene da ita.

Bari in faɗi abin da nake nufi da karkata, don kada mu yi ta magana kowa da nasa a ka. Doki miƙaƙƙe, in yana tafiya a kan layi, ƙafar bayansa ta dama tana bin layin ta gaba ta dama, ta hagu tana bin ta hagu, kamar jirgin ƙasa a kan dogo. Karkatacce kuwa kuturinsa ya ɗan goce gefe guda, sai ka ga ƙafar baya ɗaya tana sauka a tsakiya ƙarƙashin ciki, ɗayar tana sauka can waje. Kun taɓa ganin yadda karen unguwa ke sassarfa a kaikaice? To kusan haka. In kana tsaye a gefe ba za ka gani ba, sai ka tsaya daga baya, ko ka dubi sawu a yashi. Mai hawa kuma a jikinsa yake ji: linzami gefe ɗaya nauyi kamar an rataya masa bokiti, ɗaya gefen sako-sako. In ka ce a juya ta nan, kafin ka rufe baki an juya. In ka ce ta can, kamar kana tura kabad. Sirdi kuma yana ta zamewa gefe guda, kana gyarawa yana komawa.

Wani kaso na wannan halitta ce. Kafaɗun doki sun fi ƙugunsa tsukewa, shi ya sa in yana bin bango ya jera gefensa na waje da bangon, to ya riga ya karkace ke nan ba da niyya ba. Ba shi da ƙashin nan da ya haɗa kafaɗa da ƙirji irin namu, ƙirjinsa a rataye yake cikin tsoka tsakanin ƙafafun gaba, saboda haka yana iya jingina nauyinsa kan kafaɗa ɗaya cikin sauƙi. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa kuma a gaban yake. Abin ma tun yana dukushi yake farawa. A 2006 wasu masu bincike a Holan suka nuna cewa dukushin da ƙafafunsa suka yi tsawo, kansa ƙarami, in zai ci ciyawa sai ya tura ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya don bakinsa ya kai ƙasa, kuma da yawansu kullum ƙafa guda suke turawa. A hankali kofato ɗaya ya baje, ɗayan ya tsaya tsaye. Ba a ma ɗora masa sirdi ba tukuna.

Tsofaffin mahayan Faransa sun daɗe suna fama da wannan. La Guérinière, wanda ya riƙe filin koyon hawa na Tuileries, a littafinsa na 1733 ya bayyana wani motsi da har yau ake koyarwa, wanda Faransawa ke kira épaule en dedans: ka shigo da kafaɗun doki ciki kaɗan yana ci gaba da tafiya, ta yadda dole ƙafar bayansa ta ciki ta shiga ƙarƙashin jiki ta ɗauki kaya. Janar L'Hotte na Saumur, wanda ya mutu a 1904, da ya taƙaita duk aikin horar da doki cikin abubuwa uku, miƙewa ce ta uku, bayan natsuwa da son tafiya gaba. Ta ƙarshe ce don ita ta fi wuya. Wannan salon hawa na Faransa UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali a 2011. Hawan sallar Kano ya shiga jerin a Disambar 2024. Mu da kullum ake tambayarmu wai ku 'yan ina ne, ga wuri ɗaya da za mu ce duka biyun namu ne, wanda bai ji daɗi ba ya sha ruwa.

Amma fa ido biyun ba iri ɗaya suke kallo ba. A Kano ko Katsina ko Maraɗi, dokin da ya taho a kaikaice yana taƙama, ya lanƙwasa wuya, yana taka ƙasa kamar ba ya so, shi ne mata ke yi wa guɗa. Malamar da ke koya mana hawa a wani kulob a arewacin Paris, da na nuna mata bidiyon Hawan Daushe, sai ta kama kai ta ce duk dawakin nan a karkace suke. Ban yarda da ita ba, har yanzu kuma ban yarda ba. Ai shi ma motsin La Guérinière tafiya ce a kaikaice. Bambancin yana nan: akwai kaikaicen da mahayi ya nema, akwai wanda doki ya kasa fita daga cikinsa. Dokin da zai yi maka taƙama ta dama, ka nemi ta hagu ya ba ka, ka sassauta masa ya miƙe sak, wannan horarre ne, ko a Saumur ko a Ƙofar Kudu. Wanda kuwa kullum kuturinsa gefe guda yake, ranar sallah da ranar da ba sallah ba, wannan ba ado yake yi ba, akwai abin da yake faɗa.

Mutanen gida kuma sun san wannan, ba sai an zo musu da littafi ba. Ina da kawu a Maraɗi mai dawaki biyu, akawal da kili. Wata safiya, an gama sharar tsakar gida yashi ya kwanta lumui, sai ya sa yaron barga ya ja kilin ya wuce, sannan shi ya duƙa yana kallon ƙasa kamar wanda ya yar da kuɗi. Na ce, "Kawu, me ya faɗi?" Ya ce, "Ba abin da ya hwaɗi, ɗiyata. Taho ki ga sawunai. Wagga ƙahwa ta baya ba ta kai inda 'yar uwatta ta kai ba." Na duba, wallahi kuwa, sawun baya na hagu yana sauka bayan sawun gaba, na dama yana wuce nasa. Ya ce ranar ba mai hawansa, ya sa aka ɗaga ƙafar, aka sami ɗan dutse ya maƙale a gefen kofato. Shi ne kuma ya nuna mini cewa in an sauke sirdi a dubi gumin da ke bayan doki: in gefe ɗaya ya jiƙe sharkaf, ɗayan da wani tabo busasshe, to sirdin yana danne wuri guda. Farin gashin da ke tsirowa a gadon bayan doki mai duhu kuma tabon tsohon miki ne. Yana kuma sauya ƙafar da ake ɗaure su da ita a turke, bai yarda doki ya shekara ƙafa guda tana jan igiya ba. Bai taɓa jin sunan L'Hotte ba.

To yanzu ga inda maganar ta yi nauyi, ciwo. 'Yan Lyon, yau ranarku ce, ku sha kuruminku. Makarantar likitancin dabbobi ta farko a duniya a garinku aka kafa ta. Claude Bourgelat, haifaffen Lyon wanda tun 1740 yake shugabantar makarantar koyon hawa ta garin, shi ya samo izinin sarki a 1761, aka buɗe a farkon 1762, a unguwar Guillotière, wato daidai inda iyayenku mata ke zuwa sayen kuka da busasshen kifi. Hukuma ta yarda ne saboda annobar da ke kashe shanu, amma shi zuciyarsa tana wajen dawaki. Bayan 'yan shekaru ya buɗe ta Alfort a gefen Paris, wadda har tashar metiro take da ita a layi na 8. Abin da ya ja hankalina shi ne mahayi ne ya kafa wannan ilimi. Mutumin da ya shekara ashirin a kan sirdi shi ne ya ga cewa akwai tambayoyin da linzami da ƙaimi ba za su amsa ba, sai an san abin da ke ƙarƙashin fata.

Abin da jikokinsa a wannan sana'a suka gano bai yi wa masu dawaki daɗi ba. A Newmarket ta Ingila, wasu likitoci biyu mata, Line Greve da Sue Dyson, sun duba dawakin wasanni 506 da ake hawa kullum, suka fitar da sakamakon a 2014. Kusan kashi 46 cikin 100 suna da ɗingishi ko wata tangarɗa a tafiya. Kusan rabi fa, kuma duk a bakin aiki suke. Kafin nan, a 2013, sun duba wani abu da kowa yake ɗora wa mai ɗinkin sirdi ko mai hawa, wato zamewar sirdi gefe guda. Cikin dawaki 71 masu ciwon ƙafar baya, 38 sirdinsu yana zamewa, galibi zuwa gefen ƙafar da ta fi ciwo. Sai aka yi musu allurar da ke kashe zafi a jijiya na ɗan lokaci, irin wadda likitoci ke yi daga kofato zuwa sama don gano mazaunin ciwo. A 37 daga cikin 38 ɗin nan sirdin ya daina zamewa. Sirdin bai canja ba, masu hawan ba su canja ba. Zafin kawai aka cire.

Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Mutum nawa aka ce wa ba su iya zama ba, suka koma gida ransu a ɓace, alhali dokin ne yake ture su gefe don ya sauƙaƙa wa ƙafar da ke masa zogi? Kuma doki nawa aka kira mai taurin kai? Ciwon ƙafar baya yana da wuyar gani. Na gaba da sauƙi: sa a ja shi da sassarfa a kan ƙasa mai tauri, za ka ga kai yana ɗagawa lokacin da ƙafa mai ciwo ta taka, ya sauka lokacin da lafiyayyar ta taka. Na baya kuwa sai ka tsaya daga baya ka kalli ƙugu, gefe ɗaya yana hawa da sauka fiye da ɗayan, kuma in duka ƙafafun biyu ne ke ciwo, to babu ma wani gefe lafiyayye da za ka gwada da shi. Haƙori ma yana cikin lissafi. Muƙamuƙin doki na sama ya fi na ƙasa faɗi, haƙoransa kuma suna ci gaba da fitowa, saboda haka gefensu yakan yi kaifi ya riƙa yankar kumatu. Dokin da ke karkatar da kai da zarar an taɓa linzami, a buɗe bakinsa a duba kafin a ce masa ɗan iska.

Sai dai kada wani ya ɗauka duk dokin da bai daidaita ba majinyaci ne. A Uppsala ta Suwidin, Marie Rhodin da abokan aikinta sun liƙa na'urorin awo a jikin dawaki 222 waɗanda masu su suka ce lafiyarsu lau, sakamakon ya fito a 2017: fiye da kashi 72 cikin 100 motsinsu ya wuce iyakar da aka saba ɗauka alamar ɗingishi ce. Bayan shekara biyu suka ba irin waɗannan dawaki maganin kashe zafi na kwana huɗu, rashin daidaiton bai ragu ba. Ni abin da na ɗauka daga nan shi ne na'ura tana iya auna bambancin milimita, amma fassarar bambancin aikin likita ne mai ido. Yanzu har manhajar salula ake da ita, irin su Sleip, ka ɗauki dokinka bidiyo yana sassarfa ta fitar maka da lissafi. Abu ne mai kyau. Amma ina tsoron ranar da wani yayanmu zai sauka a Zinder da ita ya ce wa tsohon da ya shekara arba'in a barga dokinsa gurgu ne don waya ta faɗa.

Mu dawo kan na bisa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A binciken nan na 2014, cikin mahaya 276 da aka duba zamansu, 103 a karkace suke zaune. Fiye da ɗaya cikin uku. Kuma ba abin mamaki ba ne, ku dubi yadda muke rayuwa. Jakar lakwal tun muna yara a kafaɗa ɗaya take. Waya a hannu ɗaya, wuya a lanƙwashe. A metiro mu tsaya kan ƙafa ɗaya mu jingina da ƙarfe. Mai buga ƙwallo yana da ƙafar bugu da ƙafar tsayuwa, ƙugunsa ya saba da haka. Duk wannan ba ya sauka daga jikin mutum don ya hau doki. Abin da aka fi gani shi ne mahayi ya karye a kwiɓi ɗaya: kafaɗar dama ta yi ƙasa, nauyin mazaunai ya zame hagu, shi kuma a ransa yana jin a miƙe yake ƙyam, don jiki ya daɗe da mayar da karkatarsa ta zama daidai. Doki kuwa dabba ce da ke jin ƙuda ya sauka a fatarsa. In ka zuba masa nauyi a hagu zai matsa hagu ya shiga ƙarƙashin nauyin, kamar yadda mai tallan da farantinta ya goce take matsawa ta tare shi. Sai mahayi ya ga doki yana zamewa hagu, ya ja linzamin dama. Wuya ya lanƙwasa dama, kafaɗa ta ƙara faɗawa hagu, ya ƙara ja. Haka za a yi ta yi, wata da watanni, har tsokar gefe ɗaya ta fi ta ɗayan, dokin ya zama abin da ake zarginsa da shi.

An gwada wannan da gangan. A 2020 Russell MacKechnie-Guire da abokansa a Ingila suka wallafa wani gwaji da suka yi da dawaki 10: suka rage tsawon likkafa ɗaya da santimita 5, shi ke nan, ba su taɓa komai ba. Motsin gadon bayan dawakin ya canja, yadda ƙafafu ke ɗaukar nauyi ma ya canja. Santimita 5 bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Kuma irin wannan bambanci ba sai an yi gwaji yake samuwa ba, yana zuwa da kansa, saboda kusan duk duniya ta hagu ake hawa doki. Dalilin tsoho ne: takobi a hagu yake rataye, ko na sojan Faransa ko na barden sarki da hamilarsa, to in ka hau ta dama zai harɗe ka. Takobin ya tafi, al'adar ta zauna. Kullum mutum ya taka likkafar hagu ya ɗaga duk nauyinsa da ita, igiyar fata tana miƙewa, sirdi yana jawuwa gefe, dokin yana dogara kafaɗa don kada ya faɗi. Shi ya sa a kulob mai hankali ake musanya igiyoyin likkafa lokaci-lokaci, ake kuma hawa daga kan dakali maimakon daga ƙasa. Xenophon, Bagirken da ya yi rubutu kan dawaki fiye da shekara 2,300 da suka wuce, tun a lokacin ya ba da shawarar mutum ya koyi hawa ta dama ma. Har yau ba mu ji ba.

Akwai ƙananan abubuwa da yawa irin wannan. Masu tashi da zama a sassarfa, yadda ake koyarwa a nan, in kullum a kan taku ɗaya suke zama, ƙafar baya guda ce ke shan nauyin, kuma mutanen Uppsala sun auna sun ga wannan tashi da zaman kaɗai yana sauya motsin ƙugun doki. A gida kuma linzami a hannun hagu yake, dama tana riƙe da mashi ko sanda ko tana jinjina, jiki ya ɗan murɗe. Da linzami mai zobe irin namu, wanda ɗan motsi kaɗan yake isa baki da ƙarfi, hannun da ya goce da faɗin yatsa biyu ba ƙaramin saƙo yake aikawa ba.

Sannan nauyi. Wannan kam sai an yi haƙuri da ni. Dyson ɗin nan ta sa mahaya huɗu masu nauyi daban-daban suka hau dawaki shida, aka fitar da sakamakon a 2019. Duk gwajin da mahaya biyu mafiya nauyi suka yi sai da aka tsayar da shi kafin lokaci, kusan duka saboda dawakin sun fara ɗingishi, wanda ya ɓace bayan an sauka. Mafi nauyin ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin dokin. Ku yi lissafi da kanku: in doki kilo 350 ne, kashi 20 ɗinsa kilo 70 ke nan. Dawakinmu na gida ba manyan dawakin Jamus ba ne. Ɗora sirdin katako, ɗora jalala da sauran kayan ado, ɗora babbar riga da alkyabba, sannan ɗora ɗan uwanmu da ya shekara yana cin kebab a Quatre-Chemins. Ban kama suna ba.

Abin da ya sa na damu da duk wannan shi ne bulala. A kulob ɗin da nake zuwa akwai wata goɗiya da kowa ya san ta da ƙin juyawa dama. Yara suna gudun a ba su ita. Akwai wani magidanci da ke zuwa ran Asabar, shi maganinsa ɗaya ne, in ta ƙi ya zabga mata a kafaɗa, ta juya, ya waiwayo yana murmushi wai ga yadda ake yi. Da aka gaji aka kira likita, ciwo aka samu a gwiwar ƙafarta ta baya. Wato duk Asabar ɗin nan dukanta ake yi don ta taka inda ke mata zafi. Kuma kada wani ya ce wannan halin jahilai ne ko na wata ƙasa. Ana saura kwanaki a buɗe wasannin Olamfik na Paris a Yulin 2024, Charlotte Dujardin ta Ingila, mai zinare uku, ta janye bayan fitar wani bidiyo da ya nuna tana ta dukan ƙafafun wani doki da doguwar bulala, daga baya hukumar wasan ta duniya ta dakatar da ita shekara guda. Laifi tudu ne. Mu ma namu yana nan, a ƙaimin da ke fitar da jini a cikin doki ranar kilisa, ana tafi.

Ni a ganina ga yadda ya kamata zargi ya bi. A fara da ciwo, sannan sirdi, sannan mai hawa. Halin doki shi ne na ƙarshe, kuma da wuya a kai kansa. Rarrabewar ba ta bukatar kuɗi mai yawa. A ja dokin da ragama ba kowa a kansa, wani ya tsaya daga baya ya ɗauka da waya, a tafiya da sassarfa, a miƙe da kuma zagaye ta kowane gefe, don zagaye yana tona abin da miƙaƙƙen layi ke ɓoyewa. Sannan mai shi ya hau a sake ɗauka. Sannan wani daban ya hau. In karkatar tana nan ba mahayi, ko tana nan gefe guda ko wa ya hau, a nemi likita. In kuwa ta ɓace da aka sauya mutum, to an san inda aka dosa. A juya gwajin ma: mutum ɗaya ya hau dawaki uku, in duka ukun suka ƙi gefe ɗaya a hannunsa, ba taro suka yi da dare suka shirya masa ba. Mai son ya san kansa kuma ya aro ma'aunin nauyi biyu, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan kowanne, ya tsaya yadda yake jin daidai ne, wani ya karanta masa lambobin. Ko ya zauna a kujera mai tauri ya tura tafukansa ƙarƙashin mazaunai ya ji wane ƙashi ya fi dannawa.

Na san yawancinmu ba za mu taɓa mallakar doki ba. A Faransa kusan takwas cikin goma na masu lasin hawa mata ne, kuma mafi yawa dokin kulob suke hawa, wanda ke ɗaukar mutum uku ko huɗu a yini, kowa da irin tasa karkatar. Dokin haya na gida ma haka yake, ko ya fi: lokacin sallah ko hawan angwanci daga wannan sai wancan, tun safe har magariba. Shi ne dokin da ke cikin hotunanmu. In an kawo maka shi bana, kafin a naɗa maka rawanin, ka ce a ɗaga jalalar ka ga bayansa. In da miki ɗanye, ka biya mai shi kuɗinsa ka tsaya a gefen dokin a ɗauke ku a tsaye. Ka sa a ja maka shi taku ashirin ka kalla daga baya. Ka tsaya a gabansa ka dubi likkafun nan biyu ko tsawonsu ɗaya. Ka nemi turmi ko dakali ka taka, kada ka rataya a gefensa kamar buhun gero, ko da yaran unguwa za su yi maka dariya su ce ɗan Faransa bai iya hawa ba. Za su yi dariyar ko ta yaya ka hau.

'Yan Lyon kuma, Equita tana zuwa Eurexpo ƙarshen Oktoba kamar kowace shekara. Wanda ya samu shiga, ya bar kujerun gefe, ya nemi wurin da dawakin za su riƙa tahowa suna fuskantarsa suna kuma ba shi baya, daga nan ake ganin wane ne a kan dogo. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, a gaida su Mama.